Amsa Ga Ɗalibar Da Ba Ta Taɓa Ganin Injin Karanta DNA Ba

Wata ɗaliba daga Tudun Wada ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na gama digirin farko a fannin bayokemistiri, ina jiran hidimar ƙasa. Ina jin ana maganar bayo'infomatiks da ɗakunan binciken jinom, abin ya ba ni sha'awa, amma ban taɓa ganin injin da ke karanta DNA da idona ba. Me ake yi a waɗannan ɗakuna? Mutum zai iya koyo a nan Zariya, ko sai ya fita waje? Babana ma yana tambayata ko abin yana da wani amfani ga mutanenmu."

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ki gaida Baba da kyau. Tambayarsa ta fi taki nauyi, kuma zan zo kanta. Bari dai in fara da injin, tunda shi ya tsaya miki a rai. A shekarun da na yi ina duba ayyukan ɗalibai, abin da na fi ganin yana kashe bincike a wurinmu shi ne rashin wanda zai karanta abin da injin ya fitar. Inji ana iya aika masa samfur duk inda yake, a biya kuɗi, sakamako ya dawo ta intanet. Wanda zai zauna da sakamakon nan ya gane shi, kuma ya san gonar ko asibitin da samfurin ya fito, shi ne muke da ƙarancinsa. Wannan gurbi kuwa kina iya fara shiga cikinsa daga ɗakinki.

Kowace halitta tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin sinadarin DNA, wasu ƙwayoyin bairos kuma a cikin ɗan'uwansa RNA. Haruffan rubutun huɗu ne kacal: A da C da G da T. Rubutun gaba ɗayansa shi ake kira jinom. Na korona haruffa ne kusan dubu 30. Na ƙwayar tarin fuka miliyan 4.4. Na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro miliyan 23. Na ɗan'adam kuwa biliyan 3, kuma karanta shi karo na farko ya ɗauki masana na ƙasashe da dama daga 1990 zuwa 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Ko a lokacin ma akwai wuraren da suka gagara, sai a 2022 aka cike su. Yau aikin kwanaki ne.

Ɗakin binciken jinom kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne wanda kika saba gani a sashenku, na farar riga da safar hannu: a karɓi jini ko majina ko ganye, a fasa ƙwayoyin, a tace DNA, a auna yawansa da tsabtarsa, a shirya shi a zuba wa inji. Injinan Illumina suna karanta gajerun guntaye, haruffa 150 zuwa 300 kowane, amma da ƙarancin kuskure. Akwai kuma MinION na kamfanin Oxford Nanopore, wanda bai kai wayarki girma ba, ana jona shi da kwamfuta, yana karanta dogayen guntaye masu dubban haruffa. Kashi na biyu ɗaki ne da ba ki ganin komai a ciki sai tebura da kwamfutoci. A nan bayo'infomatiks yake, wato nazarin haruffan jinom da kwamfuta, kuma a nan aiki ya fi daɗewa.

Dalilin daɗewar shi ne babu injin da ke fara karatu daga farkon jinom ya kai ƙarshe. Kin san tsofaffin littattafan malamanmu na cikin gari, warƙoƙi a cikin gafaka, ba ɗinki. To ki ɗauka an samu kwafi 30 na littafi ɗaya, aka yayyanka kowane layi-layi, aka zuba a buhu aka cakuɗa. Buhun nan shi inji yake miƙo miki. Aikinki ki duba inda ƙarshen wannan guntu ya yi daidai da farkon wancan, har littafin ya dawo. In akwai ingantaccen kwafi a hannu, sai ki riƙa ɗora kowane guntu a gurbinsa kina lura da inda ya saɓa. Kwafi 30 ɗin ma da hikimarsa: idan guntu ɗaya ya ce T a wani wuri, sauran 29 suka ce A, kin san inji ne ya yi tuntuɓe. Idan rabi suka ce A rabi suka ce T, to mutumin ne ya gaji ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Ranar da kika fara buɗe fayil ɗin da inji ya fitar, wanda ake kira FASTQ, za ki ga kowane guntu layi huɗu ne. Na farko sunansa, na biyu haruffan, na uku alamar tarawa, na huɗu wasu baƙaƙe da alamomi da suka yi kama da shirme. Ba shirme ba ne. Kowace alama maki ce da injin ya ba wa kansa a kan harafin da ke samanta. Maki 30 yana nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin dubu, maki 20 ɗaya cikin ɗari. Na ga ɗalibai da yawa sun tsallake wannan layin, sun gina babi guda na kundinsu a kan wani bambanci da suka ɗauka sabon abu ne, alhali harafin makinsa bai kai goma ba. Wanda ya koyi tsayawa a layi na huɗu kafin ya yi murna ya riga ya kama hanya.

Da wannan misali na littafi za ki gane yadda ake bin salsalar cuta. Mai kwafar littafi da hannu yakan yi kuskure, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji kuskuren ya ƙara nasa. In kika ga kwafi biyu suna da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, kin san uwarsu ɗaya. Ƙwayoyin cuta haka suke. A 2016, bayan Nijeriya ta yi shekara biyu ba a ga shan inna na asali ba, sai aka samu yara da ita a Borno. Tambayar da kowa ke yi ita ce daga ina ta shigo. Da aka karanta haruffan ƙwayar, sai aka ga jikar wadda aka gani a Bornon ce tun 2011. Ba daga waje ta zo ba, tana nan tana yawo shekara biyar a wuraren da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan sani ya nuna inda za a karkata ƙarfi, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali. Haka a 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi yawa har ana fargabar sabon nau'i ne mai saurin bi daga mutum zuwa mutum, karatun jinom ya nuna yawancin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka, kowa daban. Cibiyar binciken jinom ɗin cututtuka ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma ita ce ta fitar da jinom ɗin korona na farko daga Afirka a watan Maris na 2020.

Yanzu ga tambayar Baba. Ki ce masa ba sai mun je Ede ba, amsar tana nan yankin Zariya, a Samaru da Saye da Shika.

Ki fara masa da wake. Jinom ɗin wake da duniya ke amfani da shi a matsayin ma'auni, wanda aka wallafa a 2019, na wani iri ne mai lamba IT97K-499-35 da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta samar. Irin nan shi ne aka saki a Nijeriya da sunan SAMPEA 10, kuma "SAM" ɗin da ke farkon sunan Samaru ce, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ce ke da alhakin wake a ƙasar nan. Wato waken da manomi a Giwa ko Soba zai iya shukawa a gonarsa, haruffansa sama da miliyan 500 suna nan a intanet, kyauta. Amfanin wannan ga mai kyautata iri babba ne. A da, in ana son a san ko sabon iri yana jure wuta-wuta, sai a shuka shi a gonar da ciyawar ta addaba, a jira damina ta wuce. Yanzu in an san wurin da juriyar take a jinom, ganye ɗaya na tsiro ɗan mako biyu ya isa a gane wanda ya gaje ta, a bar sauran. A kan wannan iri ne kuma masana na IAR, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka gina SAMPEA 20-T, wanda aka saki a ƙarshen 2019, mai ɗauke da ƙwayar gado, wato yankin DNA mai umarnin wani aiki a jiki, daga wata bakteriyar ƙasa da ke kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa. Na san ana jayayya a kan irin da aka sauya wa halitta, har a cikin malaman jami'a. Ko wane ɓangare mutum yake, ba shi da hanyar tabbatar da abin da ke cikin buhun iri sai ta wannan ilimi. Mai goyon baya yana buƙatarsa, mai adawa ma yana buƙatarsa.

Sai tarin fuka. A Saye akwai cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta, da babban ɗakin gwajinta. Ƙwayar tarin fuka tana da nawar girma, in za a shuka ta a jira a ga maganin da ke kashe ta, makonni ake yi, mara lafiya kuma yana gida yana tari cikin iyalinsa. Injin GeneXpert da ke asibitocinmu yana ba da amsa cikin kusan awa biyu, kuma asirinsa daga jinom ya fito: an gano cewa kusan duk ƙwayoyin da suka bijire wa maganin rifamfisin suna da canji a wani ɗan yanki mai haruffa 81 a cikin ƙwayar gado mai suna rpoB. Haruffa 81 cikin miliyan 4.4. Injin nan su kawai yake leƙawa. Amma in aka karanta jinom ɗin gaba ɗaya, ana iya ganin bijirewa ga sauran magungunan a lokaci guda, a kuma gane ko majinyata biyu na unguwa ɗaya sun ɗauka ne daga juna. Jinom ɗin bakteriya kuwa kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi tana iya aikinsa.

Ga makiyaya akwai sammore, da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya samu kyautar kimiyya ta Nijeriya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda aikinsa a kan ƙwayar gadon wani sinadari da ƙwayar cutar ke amfani da shi, mai hannu a ƙarewar jinin dabba. Ya rasu a 2017. A jami'ar akwai cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa wa kan cututtukan da aka yi wa sakaci da fasahar binciken DNA, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika. Ina faɗa miki waɗannan ne don ki san akwai ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa ba tare da kin hau jirgi ba.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne sikila, domin da wuya ki samu zuri'a a garin nan da ba ta san ɗacinta ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS. Kin taɓa lura yara biyu duk SS, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗayan sai ya shekara ba a ƙara masa jini ba? Wani ɓangare na bambancin yana cikin yawan jinin jarirantaka da jiki ke ci gaba da yi bayan haihuwa. Masana sun kwatanta jinom ɗin dubban mutane a kwamfuta, suka gano wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke rufe famfon wannan jini. Daga wannan ganowa aka kai ga maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ba na iya karanta wannan adadi hankalina ya kwanta, domin ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar ita ce tamu. Kuma a manyan binciken da ake yi na danganta jinom da cututtuka, 'yan asalin Afirka ba su fi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba, alhali mu muka fi kowa bambancin gado a duniya. A 2020 shirin binciken jinom na Afirka mai suna H3Africa ya karanta jinom ɗin 'yan Afirka 426 kawai, ya samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. A shirin jinom dubu da duniya ke dogaro da shi, daga Nijeriya Yarbawan Ibadan da mutanen Esan kawai aka sa a ciki. Magani ko gwajin da aka auna da jikin wasu, ba lallai ya zauna daidai a jikin Bahaushe ko Bafulatani ko Bajju ba, kuma ba wanda zai zo ya duba mana wannan da irin damuwar da mu za mu duba.

Ba zan ɓoye miki wahalar ɓangaren farar riga ba. A wani ɗakin bincike da na taɓa aiki, mun kwashe damina guda muna bin rugage muna ɗibar jinin shanu. Sai mu fita bayan asuba, mu zauna da ardo a yi gaisuwa a yi bayani, kafin a kama saniya ta farko rana ta ɗaga. Muka tara samfur a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Hutun babbar salla ya zo, wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare. Da muka dawo, tun daga bakin ƙofa na ga ruwa ya biyo ƙasan firizar, na buɗe na ɗauki kwalba ɗaya, jinin yana motsi a ciki. Duk aikin da ke buƙatar RNA ya tafi. Abin da ya tsira shi ne ɗigon jinin da wani ma'aikacinmu ya dage sai mun ɗiɗɗiga a kan takardar tacewa mun busar, muka ajiye a ambulan cikin durowa. Tun daga ranar ba na ajiye samfur a wuri ɗaya. Ga kuma sinadaran aiki da ake saye da dala, su daɗe a hanya, wasu su iso sanyinsu ya riga ya karye. Shi ya sa in na ji wani sashe yana fafutukar sayen babban inji, tambayata ta farko ita ce wa zai riƙa sayen kayan da injin ke ci duk wata, kuma wa zai karanta abin da ya fitar. Injin da ke rufe da leda shekara uku bai ƙara wa kowa sani ba.

Wata asarar kuma ba ruwanta da wuta. Ɗalibi ya kawo mini jerin haruffa masu kyau, na tambaye shi wannan daga wane ƙauye, wane wata, majinyacin ya sha magani ko bai sha ba, sai ya ce takardar ta ɓace. Jinom da ba a san inda ya fito ba, rabin amfaninsa ya zube. Ki riƙe littafin rubutu kamar yadda kike riƙe samfur.

Game da koyo, ga yadda nake ba ɗalibaina shawara. Ki sa Linux, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows, a kwamfutarki, ki saba da ba ta umarni a rubuce, domin kusan duk manhajojin fannin nan a can suke aiki. Makonni biyun farko za ki ji kamar ki bari, kowa haka ya ji. Sai ki ɗauki yaren kwamfuta ɗaya, Python ko R, kada ki haɗa biyu a farko. Ki koma ki gyara ilimin ƙididdiga da aka koya miki a aji biyu, shi ne zai hana ki ganin abin da babu. Bayanan da za ki yi atisaye da su kyauta ne: rumbun GenBank yana nan tun 1982, manhajar BLAST da ke nemo miki dangin kowane jerin haruffa tun 1990, kuma rumbun SRA cike yake da ɗanyen sakamakon injina, har da na samfuran da aka ɗiba a Nijeriya. In kwamfutarki ba ta da ƙarfi, shafin Galaxy yana ba ki damar yin aikin a manyan kwamfutocinsu, ke dai data za ki saya. Kada ki fara da jinom ɗin mutum, ɗanyen fayil ɗinsa yana iya kai gigabait ɗari. Ki fara da bairos, ki wuce bakteriya. Kuma tun farko ki riƙe tambaya ɗaya ta gida, ko ta wake ko ta tari ko ta sikila, ki riƙa koyon kowace dabara don ki amsa ta. Bayokemistirin da kika karanta jari ne babba a nan. Wanda ya zo daga fannin kwamfuta zalla yakan fi ki saurin rubuta umarni, amma ke za ki gane lokacin da sakamako ya saɓa wa yadda halitta take.

Fita waje yana da amfani, musamman a matakin digiri na uku, kuma wanda ya riga ya nuna aikin da ya yi da hannunsa ya fi samun gurbi. Aiki a gida akwai shi a jami'o'i, da ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Abuja, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Legas, da cibiyar dabbobi ta Vom, da IITA. Guraben ba su da yawa, kuma da dama suna rataye ne da tallafin da ke ƙarewa bayan 'yan shekaru. Gara ki san wannan tun yanzu.

Akwai abu ɗaya da nake so ki faɗa wa Baba da bakinki. Jinin mutum amana ne, kuma jinom ɗinsa yana ɗauke da sirrin iyayensa da 'ya'yansa, har waɗanda ba a haifa ba. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, kuma suna da hujjar yin tambaya in an zo musu da sirinji. Ba a ɗibar samfur sai da izinin kwamitin ɗa'a, da yardar mai jinin bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa inda za a kai, wa zai gani, da abin da zai dawo masa. Wannan bayani da Hausa, a zaure ko a ruga, 'yar gari irinki ce za ta yi shi yadda za a yarda.

Kafin ki tafi hidimar ƙasa ga aikin da na ba ki. Ki shiga GenBank ki nemo ƙwayar gadon mutum mai suna HBB, wadda ke kan kuromosom, wato ƙunshin DNA, na 11. Ki gangara har inda kika ga ATG GTG CAT CTG ACT CCT GAG, ki ƙirga uku-uku. Rukuni na bakwai shi ne GAG, ko da yake a littattafai za ki ga an ce na shida, don ba a lissafa ATG na farko. A mai sikila, A ɗin tsakiyar nan ne ya koma T. Ki rubuta layin biyu a takarda, ɗaya a saman ɗaya, ki ja layi a ƙarƙashin harafin, ki nuna wa Baba. Sannan ki zo ofis da takardar da kwamfutarki ranar Talata bayan azahar, mu sa mata Linux tare.